Ranar Da Alƙalami Ke Hawa Kan Yaro

Sau da yawa mukan ji magidanci ya ce, "Ai wane yaro ne, a ƙyale shi," alhali kuwa wanda ake magana a kansa muryarsa ta buɗe, gemu ya fara tsiro masa. Haka kuma mukan ga wani ya riƙe dukiyar ɗan ƙanensa marigayi shekara da shekaru, kullum hujjarsa ita ce yaron bai isa ba. Duka biyun suna bukatar a tuna musu cewa shari'a ta yanka iyaka tsakanin ƙuruciya da girma, kuma iyakar nan ba son zuciyar uba ko na baffa ke ajiye ta ba.

Iyaka ta farko ita ce balaga. Malamanmu na mazhabar Maliki, kamar yadda Shehu Halilu ya tattara a Muhtasar, sun kawo alamominta: mafarki, da jinin haila, da ɗaukar ciki, da tsirowar gashin mara. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta bayyana, sai a koma ga shekaru, abin da ya shahara kuwa shi ne cika 18. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun tsaya a kan 15, suna kafa hujja da labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, wanda aka mayar da shi gida ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, yana da 14, aka kuma karɓe shi ranar Handaƙu yana da 15. Da labarin ya kai kunnen Halifa Umar ɗan Abdul'azizu, sai ya mai da shi ma'aunin raba yaro da babba, ya rubuta wa gwamnoninsa haka. Imamu Abu Hanifa kuma ya ce 18 ga namiji, 17 ga mace. A lura, da watan Musulunci ake wannan ƙidaya, don haka 18 ɗin malamai tana riga 18 ɗin takardar haihuwa cika da wajen wata shida da rabi.

To, me ke sakewa a wannan rana? Kafin ta, ana umartar yaro da salla tun yana da bakwai, a tsananta masa a goma, amma duk horo ne, ba a rubuta masa zunubi. Daga ranar da ya balaga ya zama mukallafi. Salla ta hau kansa, azumin Ramalana ya hau kansa, wankan janaba ya zama wajibi, abin da ya sha kuma sai ya rama. Idan iyayensa sun taɓa kai shi Makka yana ƙarami, ya sami lada, amma hajjin farilla na nan na jiransa in ya sami iko. Yanzu yana iya limancin manya a sallar farilla, abin da Malikiyya ba su yarje wa yaro ba. Alƙali yana karɓar shaidarsa idan adali ne, rantsuwarsa tana ɗaure shi, laifinsa kuma nasa ne. Sunan maraya ma ya faɗi daga kansa. Wannan ya sa muke ganin babban sakaci ne uba ya bar ɗansa ko 'yarsa su kai wannan matsayi ba wanda ya zaunar da su ya koya musu hukuncin tsarki. Kunya ba ta ɗauke farilla.

Amma fa balaga ba ta buɗe akwatin kuɗi ita kaɗai. A nan ne 'yan kasuwa ya kamata su kasa kunne. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta gindaya sharaɗi biyu kafin a miƙa wa maraya dukiyarsa: ya balaga, kuma a ga rushudi a tare da shi. Rushudi a wurin Malikiyya shi ne iya tattalin dukiya, mutum ya san riba, ya san faɗuwa, kada a yi masa wayo a ciniki, kada kuma ya watsar da ita a banza. Ayar ta yi umarni a jarraba shi. Hanyar kuwa sananniya ce ga duk wanda ya tashi a kasuwa: a ba shi ɗan jari, a bar shi ya saya ya sayar, a duba lissafinsa. In ya nuna hankali, sai a ba shi kayansa a gaban shaidu. In kuwa wawa ne ga dukiya, Malikiyya sun ce a ci gaba da tsare masa ita ko da furfura ta fito masa, Abu Hanifa kuma ya ce a sakar masa idan ya kai 25.

Wasiyyi ba mai dukiya ba ne, mai gadi ne. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a juya dukiyar marayu a kasuwa don kada zakka ta cinye ta, domin a mazhabarmu zakka tana wajaba a dukiyar yaro, waliyyinsa ke fitarwa. Idan wasiyyin mawadaci ne, ya kame hannunsa. Idan matalauci ne, ya ci gwargwadon wahalarsa. Wanda ya ƙi jarraba maraya da gangan don kada ranar miƙawa ta zo, ya sani ayar ta ambaci irinsa, ta kuma hana. Wannan gargaɗi ya shafi ma'aikacin gwamnati da aka rubuta sunansa a matsayin magaji a takardar ofis: kuɗin sallamar mamaci da ya karɓo gado ne, a raba shi bisa shari'a, rabon ƙanana kuma amana ne a wuyansa.

Sai kuma dokar ƙasa, wadda ba ta duban alamun jiki, takarda kawai take dubawa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba ɗan shekara 18 damar jefa ƙuri'a. A Jamhuriya ta Farko sai mai 21. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta kira duk wanda bai kai 18 ba yaro. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana wanda bai kai 18 ba zama darakta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa ta hana gwamna bai wa wanda bai kai 21 ba takardar mallakar fili da sunansa, sai ta hannun waliyyi ko amintacce. Gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2018 ya sauko da shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. Ke nan saurayi ɗan 16 yana iya zama cikakken mukallafi a wurin Allah, yana jan sahu a masallaci, amma hukuma ba ta san da sa hannunsa ba tukuna. Mai hankali sai ya kiyaye duka biyun: kada ya jinkirta wa ɗansa farilla yana jiran 18, kada kuma ya sa shi ƙulla abin da kotu za ta warware gobe.

Akwai wani abu da iyaye maza ke yawan karkatarwa. Gaskiya ne a fiƙihun Malikiyya ciyar da ɗa namiji yana sauka daga wuyan uba idan ya balaga yana da lafiyar nema, 'ya mace kuma sai ta tare a ɗakin mijinta. Amma wannan ƙarshen abin da alƙali zai tilasta ne, ba ƙarshen tarbiyya ba. Uban da ya janye hannu daga ɗan da ke tsakiyar karatu, ko wanda bai koya masa sana'a ba, ya tura shi tasha, ba shi da abin faɗa idan ya ga abin da tasha ta mayar masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga iyaye su riƙa rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ƙidaya biyu, ta Hijira da ta Miladiyya. Masu riƙon marayu su ajiye littafin shiga da fita, su kira shaidu ranar karɓa da ranar bayarwa. Samari da 'yan mata kuma su sani, 'yancin da suke ɗokin samu tare da hisabi yake zuwa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amana, amin.