Direban Haya a Tashar Daura

Duk hanyar da ta fita daga Daura tana da direbobinta. Akwai masu layin Kano ta Kazaure, da masu Katsina ta Mashi, da masu shiga Zango da Baure da Sandamu. Ranar Lahadi kuwa kusan kowa hankalinsa na Mai'aduwa, don ranar kasuwa ke ci, fatake da dillalan dabbobi na sauka daga Nijar ta Kwangwalam. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, waɗannan direbobi na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu.

Ba a wayar gari a zama direba. Yaro yakan fara ne da wankin mota da ɗaurin kaya a hannun maigidansa. Ya koyi duba ruwa da baƙin mai tun da asuba, ya koyi canja taya a gefen titi, ya san kukan inji mai lafiya da na wanda ke neman bakanike. Sai an daɗe ana tare kafin a ba shi sitiyari ya juya mota a cikin tasha, daga baya a bar masa hanya in babu cunkoso. Ranar da maigida ya yaye shi, ya ɗora sunansa ne a kan yaron. Shi ya sa in direba ya yi ganganci, dattawan tasha sukan fara da tambayar, “Yaron wane ne?”

A ganina wannan tambaya ta fi tarar jami'an hanya tsoratar da direba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana aiki tun 1988, a 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, jihar Katsina kuma tana da tata hukumar, KASSAROTA. Amma jami'i minti biyu yake ganin direba a shinge. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ita ke ganinsa kullum. Ita ke riƙe da layi, ta san motar wa ke kan lodi, ɗan kamasho ya kira fasinja, a yanki tikiti. In fasinja ya manta jaka, nan zai dawo cigiya, sau da yawa kuma ya same ta. In direba ya zagi dattijo ko ya cinye kuɗin saƙo, shugabannin reshe na iya dakatar da shi daga lodi. Mutumin da abincin gidansa ke fitowa daga lodin yau ya san nauyin wannan hukunci.

Sai dai lissafin sana'ar ne ke tura mutum ga haɗari. Yawancin direbobi ba su ne masu motar ba, akwai balas da za a kai wa mai mota da yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Ga mai da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ga kuɗin ƙungiya, ga na goro a shingaye. Daga nan ne ake cusa mutum biyu a kujerar gaba ta Golf, huɗu a baya, buhuna su danne but har ya kasa rufuwa. Daga nan ne ake sayen tsohuwar taya, a taka mota don a samu sawu na biyu kafin magariba. Wasu matasan har ƙwaya suke sha don korar barci, kuma abokan aikinsu sun san su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fasinjoji ma da namu laifin. Mai sauri shi ne zai ce, “Direba, ka ɗan taka mana.” Wanda gabansa ke faɗuwa sai ya yi ta salati a zuci, ya sauka lafiya ya kama gabansa, bai gaya wa kowa ba. Mai neman rangwame kuma ya tari mota a bakin hanya, inda babu wanda ya san direban balle maigidansa. Tawakkali gaskiya ne, amma ba ya hana a ce wa mai gudun wuce sa'a ya sassauta.

Yanzu Daura tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, layin dogon Kano zuwa Maraɗi ma ta nan aka tsara zai ratsa. Duk da haka mai zuwa Baure zai ci gaba da shiga ƙaramar mota. Abin da nake so in gani a tasha ba mai tsada ba ne: a rubuta sunan direba da lambar wayar ofishin reshe a cikin kowace mota, inda na kujerar baya zai iya karantawa. A ajiye littafin ƙorafi, a rubuta yabo ma in an samu. Direban da sunansa ya yi ta fitowa kan gudu, a kira shi gaban shugabanni tare da wanda ya yaye shi, kafin a sake ba shi lodi.