KUNKURUN DA BA YA SHAN MAI

A shekarar 1975 ne aka fara harhaɗa motocin Volkswagen a Ikko, har da 'yar gajeriyar nan da Yarabawa suka laƙaba wa suna Ijapa, watau kunkuru. Yau da wuya mutum ya gan ta bisa titi. Amma a 2014 wata tsohuwa daga cikinsu ta sa jaridun ƙasashen waje suka waiwayi Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife.

Wani ɗalibin injiniyan lantarki, Segun Oyeyiola, shi ne ya raba ta da fetur. Ya shimfiɗa faifan tara hasken rana bisa rufinta, ya kafa farfela mai juyawa da iska, dukkansu suna ɗura wuta cikin batir. Aikin ya ci kimanin dala 6,000, galibin kayan kuwa tsofaffin ƙarafa ne da 'yan'uwa da abokai suka taimaka masa da su.

Ba a ce motar ba ta da aibu ba. Batirinta yakan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya cika. Farfelar ma da sauran magana, domin iskar da mota ke ketawa ba kyauta ba ce: ƙarfin da farfela ke ci ya fi wanda take mayarwa. To, amma gyaran irin wannan sai da kuɗi da masana'anta, ɗalibi kuwa ba shi da ko ɗaya. Shi ya sa binciken ɗalibai da yawa yakan ƙare a kantar laburare, an ɗinke shi da bango mai kauri, ƙura tana hawa.