Honda Gold Wing: Yadda Ake Gano Matsalar Bel Ɗin Taimin Kafin Ya Cinye Inji

A shekarar 1974 kamfanin Honda ya nuna wani babur a bajekolin birnin Kolon na ƙasar Jamus, wanda injinsa ya fi kama da na mota. Shi ne Gold Wing GL1000, mai silinda huɗu a kwance, biyu a dama biyu a hagu, kuma da ruwa yake sanyaya kansa. Ya shiga kasuwa a 1975, ya zama abin hawan masu doguwar tafiya, musamman a Amurka. Sai dai ƙarfensa duk da ƙwarinsa ya dogara ne a kan wasu robobi biyu masu haƙora da ke ɓoye a gaban injin. Su ne bel ɗin taimin.

GL1000, da GL1100 na 1980, da GL1200 na 1984, da GL1500 mai silinda shida wanda ya fito a 1988, dukkansu da bel suke aiki. Sai a 2001 da GL1800 ya zo kamfanin ya koma amfani da sarƙa. Ke nan duk Gold Wing mai bel da ke kan titi a yau ya haura shekara ashirin, wasu ma sun kai hamsin.

Mene ne aikin bel ɗin?

Yawancin ƙananan baburan da aka saba gani a Kano ko Maraɗi da sarƙa suke taimin, kuma ita kan yi ƙara ta sanar da mai ita idan ta saki. Bel ɗin roba ba kasafai yake wannan gargaɗin ba. Aikinsa shi ne ɗauko juyi daga karanshaf ya kai wa kamshaf, sandar da ke buɗe bawul da rufe su. Duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf juyi ɗaya yake yi.

A wannan injin, wurin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke isowa idan ya kai ƙarshen tafiyarsa. Lokaci ne kawai ya raba su. Da zarar bel ya tsinke, kamshaf zai tsaya da wasu bawul a buɗe, fistin kuma ya zo ya doke su. Sakamakon shi ne lanƙwasassun bawul, wani lokacin har da lalacewar fistin da kan silinda.

Alamomin da ake saurara

Kuka mai tsini daga gaban inji, wanda ke ƙaruwa idan an murɗa mai, yawanci yana nufin an ɗaure bel ya yi tsauri. Wannan kan kashe boris na ƙaramin fulin da ke danna bel ɗin. Idan kuwa ƙarar ta faɗa-faɗa ce kamar ana kaɗa bulala a cikin murfi, to bel ya saki.

Akwai ƙarar da ke yaudarar mutane. Tsofaffin masu silinda huɗu sukan yi kwaramniya idan inji na aiki a tsaye, sai a ɗora wa bel laifi. Sau da yawa wata sarƙa ce da ke can cikin injin ke bugawa, saboda kafireto huɗun ba sa ja daidai da juna. Daidaita kafireton ke rage ta, canjin bel ba zai taɓa ta ba.

Idan bel ya tsallake haƙori ɗaya, babur zai iya tashi, amma zai rasa ƙarfi kuma ya riƙa rawa. Gwajin matsin iska a kowane silinda kan taimaka a nan. Matsin da ya faɗi a silinda biyu na ɓangare guda, alhali ɗaya ɓangaren lafiya, yana nuni ga bel ɗin wannan ɓangaren.

GL1000 yana da wata alama tasa ta daban. Kamshaf na hagu ne ke juya na'urar da ke ba fulogi wuta, na dama kuma ke juya famfon fetur da agogon da ke nuna gudun inji. Don haka idan babur ya mutu farat ɗaya a kan hanya kuma babu wuta a fulogi, bel ɗin hagu na cikin abubuwan zargi na farko. A irin wannan hali kada a sake danna sitata, domin kowane juyi na iya ƙara ɓarna. A buɗe murfi a duba tukuna.

Ido ba ya isa shaida

Idan an cire murfin, ana neman tsagewa a gindin haƙora, da zare da ke fitowa a gefe, da bayan bel da ya yi sheƙi ya taurare. Ana kuma duba ko baƙin mai na yoyo daga sil na kamshaf ko na karanshaf, domin mai yana ruɓar da roba. Duk wanda ya sa sabon bel bai toshe yoyon ba, aikin baban giwa ya yi.

Amma bel na iya zama fes a ido alhali zaren da ke cikinsa ya gaji. Roba tana tsufa da shekaru da zafi, ko ana hawa ko ba a hawa. Babur ɗin da ya shekara goma a ajiye, mai ƙarancin kilomita, ya fi haɗari a kan wanda ake hawa kullum ana kula da shi. Wannan ya shafi duk mai sayen tokumbo. Muddin babu shaidar ranar da aka canja bel, a ɗauka ba a canja ba. Ana canja biyun tare. Kamfanin Gates na yin masu dacewa, T274 na GL1000 da GL1100, T275 kuma na GL1500.

Inda ake kuskure wajen canji

A masu silinda huɗu, sai an cire lagireto ko an matsar da shi kafin hannu ya isa. A cire fulogi duka don inji ya yi sauƙin juyawa, sannan a juya shi da sifana har alamar T-1 ta bayyana a ramin dubawa. Wannan alama tana zuwa a kowane juyi, saboda haka ba ta isa ita kaɗai ba. Dole layukan da ke jikin fulin kamshaf biyun su yi daidai da nasu alamomin a jikin inji, kalmar UP kuma tana tsaye daidai.

A wannan matsayi kamshaf na dama yana ƙarƙashin matsin sifirin ɗin bawul, kuma yakan fizge da zarar an zare bel. Masu ƙwarewa kan sa masa sifana su ɗaure ta a jikin firam kafin su sassauta komai. Bayan an cire bel, ba a juya karanshaf ko kaɗan.

Wajen ɗauri, sifirin ɗin fulin dannawa ne ke ba da tsaurin da ake buƙata. A bar shi ya yi aikinsa sannan a ƙulle noti, ban da ƙara masa ƙarfi da hannu. Kafin nan a juya fulin da yatsa. Idan yana ƙara ko yana cijewa, shi ma a canja shi.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. A juya inji da hannu a hankali, cikakken juyi biyu, a sake duba alamomin uku. Idan aka ji ya tokare, a tsaya, domin wataƙila fistin ne ya taɓa bawul. A ƙarfin hannu ba abin da zai lanƙwashe, a ƙarfin sitata kuwa sai an sauke kan silinda.

Bayan an rufe komai, yana da kyau a rubuta kwanan wata da adadin kilomita a cikin murfin ko a littafin babur. Wanda zai gaji babur ɗin nan gaba ba zai yi ta canki-canki ba.