Lambar shekaru a kan wasan bidiyo

Yara, kun san mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Ƙwanni. Kun san rumfunan masu cajin salula. Nan samari ke zuwa a tura masu wasannin bidiyo cikin waya. Wasunku ma suna aron wayar yayyensu su buga. Kada ku yi musu, na gan ku!

Sau da yawa kusa da sunan wasa akwai lamba: 3, 7, 12, 16 ko 18. Ba wuyar wasan take nunawa ba, shekaru take nufi. Wanda bai kai shekarun nan ba, bai kamata ya ga abin da ke ciki ba, kamar jini, ashar, caca ko batsa. A Turai, hukumar PEGI ke sa lambar tun 2003. A Amurka kuwa ESRB ce, tun 1994, ita harufa take sawa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Dara dai gurabenta ba su ƙaruwa. Wasan bidiyo kuwa yana ƙaruwa. Bayan ya shiga waya, ana iya sauko masa da ƙari ta intanet: sabon gari, sababbin makamai, ko wani labari daban. Ku ɗauka uwa ta ɗanɗana kunu, ta ce ya yi wa jariri. Da ta juya baya, wani ya zuba yaji. Kwanon bai sake ba, kunun ne ya sake.

Saboda haka ESRB ta sa doka. Ƙarin da kamfani ya fitar yana gadon matsayin uwar wasan. Amma in ya fi ta tsanani, dole kamfanin ya kai shi a duba, a ba shi nasa matsayi.

Ga abin da ya taɓa faruwa. A 2004 aka fitar da wasan GTA San Andreas, aka ce na ƴan shekara 17 ne zuwa sama. Ashe akwai wani wuri na batsa a kulle cikin faifan. A 2005 wani mutumin Holan ya sa ɗan mabuɗinsa a intanet, kowa yana saukowa da shi. Cikin watan Yuli ESRB ta mai da wasan na manya zalla, ƴan 18. Za ku ce shekara ɗaya ce kawai. Amma manyan kantunan Amurka ba su sayar da irin wannan, sai suka kwashe shi daga kanta. Sai da kamfanin ya cire wurin, sannan wasan ya koma matsayinsa na da.

Mu nan matsalarmu ta fi haka. Wasan da aka turo daga wata wayar, ko aka zuba a rumfa, sau da yawa wani ya riga ya taɓa shi, ya ƙara abin da ya ga dama. Ba hukumar da ta duba wannan ƙarin. Lambar tana nan, amma ta kunun farko ce.

Aikin gida: ku roƙi yayanku ya nuna maku wasa ɗaya. Ku rubuta sunansa da lambarsa cikin kaye. Ku tambaye shi inda ya samo shi, da ko an ƙara masa wani abu. Gobe za mu jera su a allo.