Ɗaukar Kiɗan Garaya da Muryar Mawaƙi a Ƙaramin Ɗaki



Tun daga 1971, lokacin da David Ames da Anthony King suka buga ƙamusunsu na kiɗan Hausa, sunayen kayan kiɗanmu sun sami shiga littafi. Amma takarda ba ta riƙe amo. Mai garaya ko molo da ke Maiyama ko ƙauyukan Jega, in ya kwanta dama ba a ɗauki kiɗansa ba, ya tafi da abinsa ke nan. In kuwa an ɗauka da ganganci, abin da za a bar wa na baya gunji ne kawai, ba a rarrabe kalmomin waƙar balle a rubuta su. Yawancin masu wannan aiki ɗalibai ne da ma'aikatan al'adu, kuma ɗakin da suke samu bai fi mita 3 ko 4 ba.

Wahalar ita ce mawaƙin shi ne makaɗin. Tsakanin bakinsa da ƙoƙon garayarsa bai wuce rabin mita ba. In an kafa makirufo biyu, kowanne zai ji murya, ya kuma ji tsirkiya, sai dai ba a lokaci ɗaya ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, watau santimita 34 cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Idan muryar ta isa makirufo na biyu da wannan ɗan jinkiri, aka haɗa su, to, amon da ke kaɗawa sau 500 a daƙiƙa zai kashe kansa, haka ma na 1,500 da na 2,500. Shi ya sa ake jin mawaƙi kamar yana waƙa cikin tulu, a ɗora wa rikoda laifi alhali ba ruwanta.

Masana suna da ƙa'ida a kan haka: tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta ninka sau uku tazarar kowanne da abin da yake ɗauka. Alal misali, na murya santimita 15 daga baki, na garaya santimita 15 daga fatar, tsakaninsu kuwa 45. Sa'an nan a lura da inda kowanne yake kurma. Irin wanda aka fi samu a kasuwa yana ji ta gaba, ba ya ji ta ƙeya, don haka na murya a sa shi ƙasa da haɓa yana kallon sama, ƙeyarsa na fuskantar garaya, na garaya kuma ya sunkuya ƙasa. Akwai wani iri mai ji gaba da baya, kurma ta gefe, wanda Alan Blumlein na Ingila ya gina dabararsa ta 1931 a kansa. Wannan ya fi raba su tsaf, amma yana kwaso amon bangon da ke bayansa.

A ganina, wanda bai ƙware ba gara ya tsaya ga makirufo ɗaya, kimanin santimita 50 daga mawaƙi, daidai ƙirjinsa. In tsirkiya ta danne murya a ɗaga shi kaɗan, in murya ta yi yawa a sauke. Makaɗin da ya shekara talatin yana wasa ya riga ya san yadda zai daidaita hannunsa da maƙogwaronsa. Kada kuma a cusa shi a baki, musamman a nan, inda muke cewa “hwara” da “hwaɗi”: iskar da ke fita tana dukan makirufo kamar guguwa. A kauce da shi gefe kaɗan.

Ɗakin kansa ya fi na'urar muhimmanci. Bangon siminti mai santsi da rufin kwano suna mayar da sauti nan take, kuma ɗaki mai faɗin mita 3 yana kumbura amon da ke kusa da 57 a daƙiƙa, ya ƙara wa kiɗa wani kauri na ƙarya. Ɗakin ƙasa mai azara ya fi, domin bangonsa ba sumul yake ba. In babu shi, a shimfiɗa darduma bisa tabarma, a jingina katifa a bayan mawaƙi, tun da can makirufo yake kallo, a rataya barguna da ɗan rata daga bango. Kada a zaunar da shi a lungu ko a tsakiyar ɗaki daidai.

Jega mahaɗar hanyoyi ce, ta Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri, ga manyan motocin albasar Aliero. Rugugin injinsu bargo ba ya tare shi. Sai a nemi unguwa mai nisa da titi, a kashe fanka, a kai janareta bayan gida. Da damina fatar garaya takan saki, amonta ya dushe, saboda haka a bar makaɗi ya ɗumama ta yadda ya saba kafin a fara. Masu caki kuma a ja da su baya kamar mita 2, domin duk ninkin tazara yana rage ƙarfin sautin da ke isowa kai tsaye da desibel 6. A ɗauki gwaji na minti ɗaya, a kunna wa mawaƙin ya saurara, a kuma sa ya faɗi sunansa, da garinsu, da ranar, kafin ya taɓa tsirkiya.