Gina shafukan intanet a Banifandu: aikin ƴan kwanaki, ɗawainiyar kowace shekara

A unguwar Banifandu da ke birnin Yamai, matashin da ya iya WordPress ba ya buƙatar hayar shago kafin ya fara sana'a. Kwamfutar tafi-da-gidanka, wayar da zai jona mata intanet da inuwar zauren gidansu sun wadatar. Masu neman aikinsa su ne makarantu masu zaman kansu, kamfanonin jigilar alhazai da ƙananan ƙungiyoyin da masu ba su tallafi daga waje ke son ganin adireshinsu a intanet.

Sai dai ɗan kasuwar unguwa ba ya saurin yarda. Yana tallan atamfa ko turare a WhatsApp da Facebook kyauta, mai saye ya tura masa kuɗi ta NITA ko Amana, a ɗora kaya a babur. Me zai sa ya biya kuɗin shafi? Kuma gaskiya, mai sayar da turaren wuta sau da yawa ba ya buƙatarsa.

Wanda ma ya yarda, rigimar tana jiran shekara ta zagayo. Sunan shafi da ma'ajiyar da ake ɗora shi haya ake yi, ana sabunta su kowace shekara, galibi wajen kamfanonin waje irin su OVH na Faransa ko Hostinger. Ba sa karɓar tsabar sefa, sai katin banki, da kuɗin euro ko dalar Amurka. Euro bai cika ba da tsoro ba, tunda farashinsa a ƙayyade yake kan sefa 655.957. Dalar ce ke hawa da sauka. Mai shafin kuwa ya ɗauka ya saya ne kamar yadda ake sayen firji. Idan aka kira shi batun sabuntawa sai ya ga kamar ana son cutarsa. Mai ginawa ko dai ya biya daga aljihunsa, ko ya bar shafin ya mutu, sunansa ya ɓaci a unguwa. Shi ya sa masu wayo ke rubuta kuɗin shekara-shekara a takardar yarjejeniya tun ranar farko, su kuma yi rajistar sunan shafin da sunan mai shi. Ƴan uwanmu da ke ƙetare masu biya wa dangi kuɗin shafi, wannan ce tambayar da ya kamata su fara yi.

Ga kuma wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar, wanda ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa, ba a maido shi ba sai a 2024. Zuwan Starlink a 2025 ya ƙara zaɓi bayan Airtel, Moov da Zamani, amma na'urarsa ma sai da lantarki.

Mai son manyan kwangiloli dole ya yi rajista a Maison de l'Entreprise ya samu lambar haraji ta NIF, don ƙungiyoyi ba sa biya sai da rasit na hukuma. Cibiyar CIPMEN, wadda ta fara aiki a 2014, na horar da masu ƙananan kamfanoni irin waɗannan.

Tun Maris ɗin 2025 da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, akwai kasuwar da ba a taɓa sosai ba: yawancin shafukan kamfanonin Yamai har yau da Faransanci kawai suke.