Yadda Ake Bambance Zabuwa da Agabe

A ƙasar Daura, daga Sandamu zuwa Baure da Mai'adua, an daɗe da sanin zabuwa, tsiron nan mai kaurin ganye da wasu ke kira kabar giwa. Sai dai akwai baƙon tsiro mai kama da ita, wato agabe, wanda asalinsa Meziko ne, ana kuma dasa shi don ado ko shinge. Rikita su na da haɗari ga mai neman maganin fata, domin ruwan agabe na haddasa ƙaiƙayi da kumburi.

Alama ta farko ita ce ganye. Na zabuwa yana da laushi, sau da yawa da ɗigo-ɗigon fari irin na zabo, kuma idan aka karya shi za a ga ruwa mai yauƙi. Na agabe kuwa tauri gare shi, cike yake da zare, da ƙaya mai tsini a ƙarshensa.

Fure ne ke raba gardama. Zabuwa kan yi fure kusan kowace shekara, a kan kara mai tsawon kimanin mita 1. Agabe sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, sau da yawa bayan shekara 10 ko fiye. Karansa kan haura mita 5, daga nan uwar ta bushe, 'ya'ya su gaje ta a gindi.

Ko zabuwar ma sai da hattara. Ruwan nan mai ɗaci, mai launin rawaya, da ke ƙarƙashin bawonta yana sa zawo, don haka mai juna biyu ta guji shansa.